Layukan da Suka Shige Ciki

Ƙarar ta fara ne wani dare bayan an kwashe kwanuka, Mai Ɗab'i yana kishingiɗe a ɗaki da rediyo a kan cikinsa. Ƙas. Shiru. Ƙas, ƙas. Sai shiru mai tsawo. Da farko ya ce ɓera ne ya samu murfin gwangwani. Sai ya ce a'a, famfo ne ke ɗiga a bokitin roba. Ya rage rediyon ya kasa kunne. Ɓera dai ba ya tsayawa ya yi tunani, famfo kuma ba ya tsaki. Wannan abin kuwa sai ya yi ƙas, ya tsaya, ya ja tsaki, sannan ya sake ƙas. Can sai ga dariya ta biyo baya, wata 'yar siririya mai fita ta hanci, wadda rabonsa da jin ta tun yaransu suna rarrafe.

Ya zura silifas ya leƙa falo. Matarsa ce zaune gaban kwamfutar da 'yarsu ta aiko musu wata uku da suka wuce, tabarau a ƙarshen hanci, tana farautar haruffa da yatsa ɗaya.

"Tsohuwa, ke da wa?"

"Ni da ita. Zo ka gani, Malam. Na ce ta yi gaisuwa, ta yi."

Ya sunkuya. A kan baƙin allo ga kalmomi biyu farare: Sannu duniya.

"To duniyar ta amsa?"

"Kai dai ba ka rabo da tsiya. Furogiram ne na rubuta, da hannuna. Ticha ya ce kowa da wannan yake farawa."

Ya koma ɗaki. Ya ƙara rediyo, amma ba abin da ya ji daga cikinsa. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi: Ticha.

Shekara talatin da shida Mai Ɗab'i ya yi a maɗaba'a yana jera haruffan dalma, ɗaya bayan ɗaya, a juye, har tawada ta shige masa ƙarƙashin farce ta ƙi fita. Da aka rufe wurin, abin da ya taho da shi gwangwani ne guda cike da haruffa, wanda yakan girgiza in kewa ta kama shi. Tun daga lokacin ya rage magana a gida. Abin da bai rage ba shi ne gyaran abin da ya karkace. In ya je gidan mutane sai ya miƙe musu kalanda kafin ya zauna. Ranar da suka shiga ɗakin hayarsu na farko ma, ya bar Tsohuwa tsaye da ƙunshin kaya a ka, don lambar ƙofar tana lilo a ƙusa ɗaya, ta juye kai ƙasa. Sai da ya aro guduma ya daidaita ta sannan ya buɗe mata. Ta daɗe tana ba da labarin nan, shi kuwa ya daɗe da mantawa.

Ticha maƙwabcinsu ne, ƙofa da ƙofa, baranda ɗaya. Tsohon malamin lissafi ne, matarsa ta rasu shekara huɗu ke nan. Mai Ɗab'i ya girme shi da shekara biyu, shi ya sa Ticha yake ce masa Yaya. Ba su taɓa faɗa ba. Sai dai mutum ne mai guge riga ko shara zai zubar, yana shafa turare, haƙoransa kuma duk suna nan, ba ko ɗaya da ya yi tafiya. Da can Mai Ɗab'i bai taɓa lura da waɗannan abubuwa ba. A makon nan ya lura da su duka.

Kowace yamma sai a fito da ƙaramin tebur baranda. Tsohuwa ta zauna gaban kwamfuta, Ticha ya ja kujera gefe, Mai Ɗab'i kuma ya kafa tasa kujerar a bakin ƙofa da tsohuwar jarida a fuska.

"Matar Yaya, ki riƙe abu ɗaya," in ji Ticha. "Wannan na'ura ba ta da wayo ko na sisi. Daga sama take karantawa zuwa ƙasa, layi bayan layi, kamar mai sauka daga bene. Ba ta tsallake, ba ta tunanin abin da kike nufi. Abin da kika rubuta shi za ta yi."

"Ashe ta fi wasu mazan," in ji Tsohuwa.

Suka yi dariya. Bayan jarida, Mai Ɗab'i ya ƙirga: ta uku ke nan yau.

"Kalmar nan print, ma'anarta faɗi. Duk abin da kika rufe tsakanin alamun zance, shi za ta faɗa, ko zagi ne. Wannan kuma, input, tambaya ce: ta tambayi mutum, ta tsaya jira, abin da ya buga ta ajiye shi a sunan da kika ba ta, kamar kin rubuta suna a jikin kwalba."

"Na gane. Kamar kwalbar maɓallai."

"Yauwa! Kanki na ja, wallahi. Na koyar da yara shekara da shekaru, da yawansu ba su kama da wuri haka ba."

Jaridar ta yi motsi. Shekara arba'in da ɗaya Mai Ɗab'i ya san kanta na ja. Bai dai taɓa ganin dalilin faɗa a baranda ba.

Ran Laraba aka zo kan if.

"Wannan ƙofa ce," in ji Ticha. "Kin ce mata: in abu kaza ya faru, to yi kaza. Layin if shi ne bakin ƙofar. Layukan da ke ƙarƙashinsa sai ki tura su ciki, tazara huɗu kowanne. Duk wanda ya shige ciki, yana cikin ɗaki ke nan, sai mai mabuɗi zai ji shi. Wanda ya tsaya a gefe kuwa na baranda ne, duk wanda ya zo wucewa zai ji."

Mai Ɗab'i ya sauke jaridar. Daga inda yake yana hango allon: layuka uku a jere sun shige ciki, na huɗu ya dawo gefe, gefen hagu ya zama kamar haƙoran tsohon zarto.

"A wurinmu," ya ce, "layin farko kaɗai ake turawa ciki. Wanda ya tura uku a jere, ranar zai karɓi sallama."

"Yaya, wannan ba littafi ba ne," in ji Ticha yana murmushi da dukan haƙoran nan nasa.

"Rubutu rubutu ne. Ni na ci abinci da shi."

"Malam, don Allah bari mu ji," in ji Tsohuwa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Mu. Bari mu ji. Ya mayar da jaridar fuska. Sauran bayanin duk ya wuce ta saman kansa, don yana can yana juya wannan 'yar kalma, yana duba ta gaba da baya kamar harafin dalma da ya faɗo daga akwatin da ba nasa ba.

Daga ranar abubuwa suka ƙara lalacewa. Tsohuwa ta fara ɓoyo. In ya shigo falo tana bugawa, sai ta yi wuf ta jefa wa kwamfutar mayafi. Ba ta kashe ta kuma, don tana tsoron in ta kashe rubutun zai zube. Haka take barin ta a buɗe, a lulluɓe, kamar kejin tsuntsu. Sau ɗaya ya ji ta a baranda tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ticha, in na sauya maganganun da ke ciki na sa nawa, ba zai ɓaci ba?" Shi kuma ya ce, "Sa abin da ranki yake so. Layukan dai kar su motsa." Mai Ɗab'i ya ji "abin da ranki yake so" sarai. Ragowar, babur ne ya wuce a titi ya tafi da ita.

Ya fara aske gemu kullum. Ya ciro rigar da ya sa a bikin 'yarsu ya zauna da ita a bakin ƙofa. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Unguwa za ka?" Ya ce a'a. Ta ce, "To cire, kar ka zuba mata shayi." Ya gwada ba ta labarin yadda ake jera harafi dubu a awa ɗaya. Ta ce, "Ka ba ni, Malam, sau da yawa." Da daddare ya girgiza gwangwaninsa, ƙarar ta fito kamar tsakuwa a cikin takalmi, ba daɗi.

Ran Asabar da safe ta ɗauki jaka za ta asibiti awon jini. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Yau da yamma kar ka je ko'ina. Akwai abin da zan nuna. Na gaya wa Ticha ma ya zo."

"Sai da shi?"

"Shi ya koya min, ba sai ya ga ɗalibarsa ba?"

Ya bi ta da ido ta taga har ta sha kwana wajen mai faci. Ya zaga falo sau biyu. Ya miƙe agogon bango wanda dama a miƙe yake. Sannan ya ɗaga mayafin. Ga abin da ya gani:

lamba = input("Buga lambar sirri: ")
if lamba == "9":
    print("Kai ne. Na gane ka.")
    print("Tun safe nake sauraron takunka.")
    print("In ka yi shiru, gidan nan ba ya min daɗi.")
    print("Matso da kujerarka kusa da ni.")
print("An gama.")

Ya karanta sau ɗaya a tsaye. Ya zauna ya sake karantawa. Lambar sirri. Har da lambar sirri! Kunnuwansa suka ɗau zafi. Wa ke da taku a gidan nan in ba mai takalmi mai ƙwas-ƙwas ba? Wa ke jan kujera kusa da ita kowace yamma? Shi dai silifas gare shi, kujerarsa kuma tana bakin ƙofa. Ya dubi taran nan, bai ga komai a cikinta ba sai ƙugiya.

Ya ɗaga yatsa zai goge duka. Ya fasa. In ya goge za ta sani, kuma za a ce tsoho ya yi kishi da na'ura. Ya zauna yana huci, idonsa a kan allo. To shi ido na mai ɗab'i, ko mai shi yana cikin wuta, aikinsa yake yi. Layuka huɗu a jere sun shige ciki. Huɗu! Ga aikin mutumin da ake yabo, mai turare, wanda bai san inda sakin layi yake farawa ba. Wannan ne ake cewa a yi masa shiru a ji?

"Ko cin amana za a rubuta," ya ce wa falon, "a rubuta shi a miƙe."

Maɓallin gogewa ya sani, 'yarsu ta nuna masa. Ya bar layin farko a ciki, yadda doka ta ce, don shi ne farkon sakin layi. Na biyu ya jawo shi gefe: ƙas, ƙas, ƙas, ƙas. Na uku haka. Na huɗu haka. Bai taɓa harafi ko ɗaya ba, bai taɓa alama ba. Ya ja baya ya kanne ido ɗaya. Gefen hagu ya miƙe sambal kamar an ja zare. Rabonsa da jin sanyi irin wannan a ƙirji tun ranar da aka kashe injin maɗaba'a. Ya mayar da mayafin yadda ya same shi, har da lanƙwasar gefe.

Da yamma Tsohuwa ta sa zaninta mai ruwan ganye wanda take ajiyewa a ƙasan akwati. Ta dafa shayi, ta fito da kofunan baƙi. Ta sa kujeru uku a falo, ta ce wa mijinta ya zauna a ta tsakiya. Ya ƙi, ya ja ta gefe. Ticha ya shigo da sallama da turarensa.

"Yaya, yau ɗalibata za ta ba mu mamaki. Ni kaina ban ga abin da ta sa a ciki ba. Da kaji muka gwada: in lamba ta yi daidai, a ce kaza ta yi ƙwai."

"Uhm," in ji Mai Ɗab'i.

Tsohuwa ta yaye mayafin. Ba ta tsaya duba rubutun ba, ta danna inda aka koya mata. Baƙin allo ya fito da tambayarsa.

"Ticha, kai za ka fara. Buga duk lambar da ka ga dama. Ina so Malam ya ga yadda take korar baƙo."

"To, ni ne ɓarawon ke nan." Ya gyara tabarau ya buga huɗu. "Yanzu za ta ce an gama, ta sallame ni."

Layuka suka zubo. Ticha, da yake malami ne, duk abin da ya gani a allo sai ya karanta da ƙarfi. Ya buɗe murya kamar yana gaban aji.

"Tun safe nake sauraron takunka. In ka yi shiru, gidan nan ba ya min daɗi. Matso da kujerarka kusa da..."

Muryar ta mutu a nan. Ya cire hannunsa daga kan teburin kamar ya taɓa murhu. Ya dubi silin.

Mai Ɗab'i ya miƙe tsaye. Abin da ya kwana goma yana jira ya zo, har ya ji wani irin daɗi mai ɗaci.

"To! Ga shi nan. Na'ura dai ba ta ƙarya, kai ka faɗa da bakinka. Abin da aka rubuta shi take yi. Ci gaba mana, Ticha, ƙarasa! Ko in ba ku wuri?"

"Yaya, wallahi tallahi..."

"Kar ka sake ce min Yaya!"

Tsohuwa ba ta dubi ko ɗayansu ba. Allon take kallo, ta dafe baki da gefen zaninta.

"Ba haka take yi ba," ta ce a hankali. "Jiya na gwada sau bakwai. In ba lambar ba ce, 'An gama' kawai take cewa." Ta juyo, idanunta sun kawo ruwa, amma muryarta ba ta karye ba. "Zauna, Malam. Tsufa ya kama ka, hankali bai kama ka ba. Zauna ka buga."

"In buga me? Ni an ba ni sirrin ne?"

"Lambar ɗakinmu na farko."

Ya zauna gaban kwamfutar. Ya san abin da zai buga, don ya gan shi da safe a inda bai kamata ya duba ba. Amma sai da yatsansa ya sauka a kan maɓallin sannan ƙofar ta dawo masa: shuɗin fenti mai ɓarewa, ƙarfen lamba yana lilo a ƙusa ɗaya yana nuna shida alhali tara ne, da wata yarinya siririya tsaye da ƙunshi a ka tana dariya ta hanci, tana cewa wuyanta zai karye kafin ya gama.

Ƙas.

Kai ne. Na gane ka.

Sauran ukun suka biyo baya, waɗanda Ticha ya riga ya karanta wa kowa.

"Kwana tara ina neman haruffan nan da yatsa ɗaya," in ji Tsohuwa. "Tun da aka rufe wurin aikinku ka zama kamar kabad a gidan nan. In na yi maka magana, uhm. Na ce bari in sa ƙarfe ya faɗa maka, tunda da ƙarfe ka saba. Kai kaɗai na so ka ji." Ta share ido da bayan hannu. "Yanzu ga shi har maƙwabta sun ji."

Mai Ɗab'i ya sunkuyar da kai. Silifas ɗinsa ya kalla. Ashe suna da taku.

Ticha, don ya samu inda zai sa idonsa, ya jawo kwamfutar ya buɗe rubutun. Ya matso da fuska. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"A'a. Matar Yaya, ba laifinki ba ne, rubutunki daidai yake, ko alama ɗaya ba ki yar ba. Dubi nan. Layi ɗaya ne kawai ya rage a cikin ɗaki. Ukun nan an fito da su baranda, shi ya sa kowa ke ji." Ya bi gefen allon da farce daga sama zuwa ƙasa. "Kuma an jera su tsaf, kamar da ma'auni. Wannan ba kuskuren yatsa ba ne."

Tsohuwa ta daina share ido. A hankali ta sauke kallonta kan hannuwan mijinta, kan faratan nan masu baƙin da shekaru suka kasa wankewa. Ya tura su ƙarƙashin cinyoyinsa. Shayi ya huce a kofuna uku, ba wanda ya taɓa. A waje wani yana ta buga hon yana kiran mai faci.

Ticha ya ɗago kai, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"To wai wa ya fito da su?"